Kabewa da Albasa a Kan Gasasshen Burodi

  

Darasinmu na wannan fitowa a kan kabewa ne, wadda iyayenmu a nan yamma kan ce wa kabushi. Na san da jin haka wata za ta ce, "To Malama, kabewa kuma har sai an yi mata darasi? Wace mace ce ba ta iya miyar taushe ba?" Gaskiyarki. Amma ki tambayi kanki, ban da taushe da ɗan fate, me kika taɓa yi da ita? Yawancinmu iyakarta ke nan. Ga ta nan jibge a kasuwa da kaka, ga ta a kan danga da rufin rumfa, wata har ta ruɓe ba a yanka ba, alhali a cikin gidan akwai yaran da ke bukatar abin da ke cikinta.

Abin da ya sa na ɗauko wannan magana, a ajina na gan shi. Mu a nan Adabka karatun yamma na Islamiyya yakan kama daga bayan la'asar har kusan magariba. Da yawa daga cikin yaran sun dawo daga boko ne, sun ajiye jaka sun ɗauki wata. Wani rabonsa da abinci tun kokon safe, tuwon dare kuwa sai bayan magariba ko ma isha'i. Malama tana gane yaron da cikinsa babu komai tun kafin ya buɗe baki: ana biya masa karatu yana hamma, ana tilawa yana bin bakin na kusa da shi. Ba rashin ƙwaƙwalwa ba ne. Tsakanin rana da dare akwai wani rami a yawancin gidajenmu, kuma ba kowace uwa ke da halin ɗora tukunya sau uku ba a wannan zamani. To abincin da zan koya miki yau na cike wannan rami ne. Abin taɓawa ne kafin babban abinci, ba ya hana cin tuwo, ba ya cin itace da yawa, kuma in baƙi suka faɗo miki bagatatan, za ki ajiye shi a gabansu ba tare da jin kunya ba.

Dabarar ta mutanen Italiya ce, suna kiranta burusketa. Asalinta abincin manoma ne: burodin da ya kwana ya fara tauri sai su yanka shi, su gasa a kan garwashi, su goga masa tafarnuwa, su ɗiga man zaitun, su ɗora abin da gona ta bayar a wannan lokaci. Da zafi tumatir, da kaka kabewa. Kada sunan ya ba ki tsoro. Duk wadda ta taɓa cin bandashe a Kano, wato gurasa da garin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da albasa, ta san dangin wannan abinci. Bambancin kawai, su ƙasan suke so ya bushe ya yi ƙaras-ƙaras, mu kuma mun saba da mai laushi.

Kuma haɗa burodi da irin wannan kayan gona ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Anas ɗan Malik, Allah Ya ƙara masa yarda, cewa wani tela ya gayyaci Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, cin abinci, ya kawo gurasar sha'ir da romo mai busasshen nama da abin da Larabawa ke kira dubba'u. Anas ya ga Manzon Allah yana bin gefen akushi yana tsinto dubba'un, daga ranar shi ma ya kamu da son sa. Malamanmu sukan fassara kalmar da kabewa. Sai dai ga wani ɗan ƙarin bayani da nakan yi wa ɗalibaina manya: kabewar da muke shukawa yau, mai jan ciki, asalinta nahiyar Amurka ce, ba ta ƙetaro teku ba sai bayan shekarar 1492, tare da su masara, rogo, gyaɗa da barkono. Ke nan wadda aka ci a Madina 'yar'uwarta ce ta ɓangaren duma, wadda ake cin ɗanyarta tun tana ƙarama. Dangi ɗaya ne, masu yaɗo da faffaɗan ganye. Na faɗi wannan ne don kada wata ta tafi tana cewa ga ainihin abin da aka ci a gidan telan, a ce a bakin Malama ta ji.

Zaɓen kabewa

Daga kasuwa girkin yake farawa. In guda za ki saya, ki ɗaga ta ki ji nauyi, ki danna bayanta da farce. In farcen ya shige, ba ta ƙosa ba, ruwa ne cikinta, ba zaƙi ba gari. Wadda ta ƙosa bayanta da tauri, hancinta ya bushe ya yi kamar itace. In kuwa yanka za ki saya, kamar yadda yawancinmu muke yi, to launin cikin za ki duba. Ki nemi wadda ta yi ja sosai kamar gwaiduwar ƙwan kazar gida, ki bar mai fari-fari. Wannan launi ba ado ba ne, zan dawo kansa a gaba. Ki kuma duba bakin yankan, in ya fara yauƙi ko ƙudaje sun daɗe a kansa, ki wuce.

Kafin ki ɗora, ki ɗan gutsuri ɗanyar ki taɓa a harshe. Ba kasafai ba, amma akan samu kabewa mai ɗaci, musamman wadda ta fito da kanta a juji ko kusa da duma. Mai ɗaci guba gare ta, tana sa amai da gudawa, kuma dafuwa ba ta kashe gubar. Kada ki ce asara, ki zubar.

Don mutum biyar ko shida, kabewa kamar rabin kilo ta isa, wato yanka mai faɗin tafin hannu biyu. Sai albasa uku matsakaita, man gyaɗa cokali huɗu na cin abinci, tafarnuwa ƙwaya uku, attaruhu ɗaya, gishiri, ɗan masoro da citta, lemun tsami ɗaya ko jiƙaƙƙiyar tsamiya kaɗan, garin ƙuli-ƙuli kamar cikin tafi, da burodi guda matsakaici wanda ya kwana. Ɗunƙulen magi in kina so, rabi ya isa. Ni dai na fi son ɗan ɓarin daddawa da aka daka lukui, amma wannan ra'ayina ne, maigidana ma ba mu daidaita a kai ba.

Albasa ita ce aikin

A nan nake so ki ba ni hankalinki, domin duk daɗin abincin nan a albasar yake, kuma a nan mata suka fi kuskure.

Mun saba da suyar albasa ta miya: mai ya yi zafi, a watsa ta, ta yi cuwww, gefenta ya yi baƙi, a zuba kayan miya a kai. Ba wannan ake nufi ba. Albasa kusan kashi 9 cikin 10 nata ruwa ne, a cikin sauran kuma akwai sukari mai ɗan yawa wanda yajinta ke ɓoyewa. In kika ba ta wuta mai ƙarfi, bayan ya ƙone ciki yana ɗanye, sai ki samu ɗaci da ƙauri. In kuwa kika bi ta a hankali, ruwan zai fita sannu-sannu, yajin da ke sa hawaye ya mutu, sukarin ya fito ya rine ta, ta koma ja-ja mai laushi kamar an zuba mata zuma. Wannan ba ya samuwa a minti biyar. Ki ware mata minti 25 zuwa 30.

Ki yanka ta sirara-sirara, duk girma ɗaya, don kada wata ta ƙone wata ba ta nuna ba. Wuƙar ta zama mai kaifi. Dakusasshiyar wuƙa murje albasa take yi, shi ya sa hawayen ke yawa. Ki ɗora kasko mai kauri, ki zuba mai cokali uku, da ya ɗan yi ɗumi ki juye albasar duka, ki barbaɗa gishiri kaɗan. Gishirin yana janyo ruwanta waje. Za ki ga ta cika kaskon har ki ce ta yi yawa. Ki ƙyale ta, kafin ki gama za ta koma kamar cikin ludayi ɗaya.

Minti goman farko ki rufe, ki bar ta ta yi laushi a cikin ruwan jikinta. Daga nan ki buɗe, ki rage wuta. In da itace kike girki, ki janye itacen ki bar garwashi kawai. In kurfoti ne, ki rage gawayin ko ki ɗan barbaɗa masa toka. Mai risho ko gas ta mayar da shi can ƙasa. Ki riƙa juyawa jefi-jefi, ba kowane lokaci ba, domin tana bukatar ta ɗan zauna a gindin kasko kafin ta yi launi. In kika ga ta fara kamu, ki yayyafa ruwa cokali ɗaya ki kankare gindin da muciya. Wannan ja-jan da ya manne a ƙasa kada ki raina shi, shi ne ɗanɗanon. Saura kamar minti uku ki sauke, ki zuba dakakkiyar tafarnuwa ƙwaya biyu da attaruhu. Ƙwaya ɗayar ki ajiye, tana da aiki a gaba.

Wata fa'ida kuma ga mai ɗa namiji ko maigidan da zai ci ya wuce masallaci: kin san hanin da ya zo a kan mai warin ɗanyar albasa da tafarnuwa ya shiga sahu. Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, ya yi nuni a huɗuba cewa wanda zai ci su, ya kashe warin da dafuwa, kamar yadda Muslim ya ruwaito. Albasar da ta yi rabin awa a wuta ba ta da sauran wari.

Na san abin da ke ranki: albasa uku a wannan lokaci? Ai kuwa dai. Ikon Allah, lokacin da kabewa ta fi araha shi ne lokacin da albasa ta fi tsada. Yawancin albasar da muke ci ta noman rani ce, daga wurare irin su Aliero a Jihar Kebbi, Goronyo da Wurno a Sakkwato, da Galmi a Nijar. Daga ƙarshen sanyi zuwa bazara take cika kasuwa. Kafin kaka ta ajiya ta ja baya, wata ta ruɓe a rumbu, sabuwa ba ta iso da yawa ba, sai kuɗinta ya hau. In uku sun fi ƙarfinki, ki sa biyu, ki cike da lawashi yankakke a ƙarshe. Amma kada ki yi ƙasa da biyu. Gara ki rage yawan kabewar da burodin.

Kada ki tafasa kabewar

Wannan a jikina na koya. Ranar da na fara gwadawa, sai na yi yadda hannuna ya saba: na fere kabewa, na zuba ruwa ya sha kanta, na dafa ta luguf, na dame, na shafa a burodi. Kafin in kai tire tsakar gida burodin ya tsotse ruwa ya saki jiki, in ka ɗauka sai ya rabe biyu. Surukata ta duba, ta duba, ta ce, "Ɗiyar nan, wanga fate na ko mi? Kin ɓata burodi, kin ɓata kabushi." Na ce, "Inna, gwaji ne." Ta ce, "To a bar gwaji ga abin da anka saya da kuɗi." Kaji suka ci rabonsu ranar.

Kabewa ita ma kusan duk ruwa ce, ba ta bukatar ƙari. Aikinki shi ne ki rage mata wanda take da shi. Ki fere bayan, ki kwashe 'ya'yan da zaren cikin ki ajiye gefe, ki yanka ta ƙanana kamar girman ƙwayar dabino. Ki kwashe albasarki a wani kwano, a cikin wannan kaskon dai, ba tare da kin wanke ba, ki ƙara sauran man, ki zuba kabewar, ki sa gishiri, masoro da citta da magi ko daddawa. Ki juya, ki yayyafa ruwa cokali biyu kacal, ki rufe. Bayan minti goma ki buɗe ki soka cokali mai yatsu. In ya shige ba gardama, ki bar kaskon a buɗe sauran ruwan ya ƙone, gefen kabewar ya ɗan yi ja.

Wadda ke da sauran garwashi bayan ta sauke abincin rana tana da hanyar da ta fi wannan daɗi: ta ɗora yankan kabewar da ɓawonsa a kan waya, ta shafa masa mai, ta riƙa juyawa har ya yi laushi, sannan ta kwashe naman da cokali. Ƙamshin hayaƙin nan ba a samunsa a kasko. Turarawa a madambaci ma ta yi, in kina da wani abin a wuta.

Da ta nuna, ki mayar da kashi biyu cikin uku na albasar, ki daddanna da bayan cokali. Kada ki dame ta sumul kamar kunu, ki bar 'yan gudaji-gudaji. Sai ki matse lemun tsami rabi, ki ɗanɗana.

Maganar tsamin nan kada ki tsallake ta. Burodin Italiyawa ba shi da sukari, namu kuwa zaƙi gare shi. Kabewa zaƙi, albasar da kika yi zaƙi, burodi zaƙi. In babu tsami da yaji, yanka biyu mutum zai ci ya ji ya gundure shi. Lemun tsami ko ruwan tsamiya cokali biyu shi ke tayar da ɗanɗanon. Ki riƙa sawa kaɗan-kaɗan kina taɓawa har ki ji bakinki ya ce a ƙara.

Burodi

Na jiya ake so, ko ma na shekaranjiya matuƙar bai yi fumfuna ba. Sabon burodi ba ya yankuwa da kyau, dunƙulewa yake yi a ƙarƙashin wuƙa. Wanda ya yi fumfuna kuwa, ko a gefe ɗaya ne, kada ki yanke wurin ki ci saura, domin saiwarta ta riga ta ratsa ciki inda ido ba ya gani, gashi kuma ba ya gyara shi.

Ki yanka shi kaurin ɗan yatsa, kowane yanka ki raba biyu ko huɗu yadda yaro zai riƙe da hannu ɗaya. Ki ɗora busasshen kasko ko tanda a wuta marar ƙarfi, ki jera. Saboda sukarin da ke cikinsa, burodinmu yana saurin ƙonewa, don haka ba a ɗora shi a tafi ɗebo ruwa. Ki tsaya a kansa. Minti biyu ko uku kowane gefe, har ya yi ruwan ƙasa, in kin ƙwanƙwasa da farce ki ji ya bushe. Ba sai kin sa mai ba; in kina da man shanu soyayye, ki ɗan shafa bayan kin sauke. Tun yana da zafi ki ɗauko ƙwayar tafarnuwar nan da kika ajiye, ki raba ta biyu, ki goga a fuskar kowane yanka sau ɗaya. Wannan ɗanya ce, saboda haka na masu zuwa masallaci ki bar shi haka nan.

In gurasa kika samu, ita ma ta yi, har ta fi riƙe kaya.

Sai haɗawa. Cokali ɗaya na kabewa a kowane yanka, ki ɗora ɗan sauran albasar a sama, ki barbaɗa garin ƙuli-ƙuli. Turawa cuku da 'ya'yan itatuwa masu tsada suke sawa a nan; ƙuli-ƙulinmu ya tsaya a madadinsu, har da riba. Mai hali ta ɗiga kindirmo mai kauri, ko ta marmasa soyayyar awara ko dafaffen ƙwai, ko ɗan dambun nama in na baƙi ne. Abu ɗaya dai: kada ki haɗa sai za a ci. Kabewa a kwanonta, burodi a nasa, in yara sun shigo ko baƙi sun zauna sannan ki ɗora. In ya yi minti goma sha biyar a haɗe, kin koma gidan jiya, irin nawa na farko.

Ranar da na sake yi ta wannan hanya, Inna ba ta ce komai ba. Ta dai ci huɗu, ta ce a ajiye wa Malam nasa.

Abin da jan cikin ke yi wa yaro

Na ce zan dawo kan launi. Jan da ke cikin kabewa wani sinadari ne da ake kira karotin, irin wanda ke cikin karas, mangwaro, gwanda da manja. In ya shiga jiki, sai jiki ya mayar da shi bitamin A. Gwargwadon jan kabewa, gwargwadon yawansa. Bitamin A shi ke riƙe da lafiyar ido da garkuwar jiki. Alamar farko ta ƙarancinsa ita ce dundumi: yaro yana gani garau da rana, da magariba ta yi sai ya riƙa tuntuɓe da kwanuka, ko ya nemi gefe ya zauna ya ƙi wasa. Mata masu ciki ma yana samunsu. Yaron da ke da ƙarancinsa kuma, ƙyanda da gudawa sun fi kayar da shi. Dalilin ke nan da ake ɗiga wa yara 'yan wata 6 zuwa shekara 5 bitamin A a baki sau biyu a shekara, kuma tun 2002 gwamnati ta wajabta a riƙa sa shi a fulawa, sukari da man girki na kamfani. Shi ne alamar ido da kike gani a jikin leda ko galan. Amma man gyaɗar da muke matsewa a gida ba ya cikin wannan lissafi, tuwon dawa da na gero ma ba su da shi. Daga miya da ganye da irin su kabewa yake zuwa mana.

Wani abin lura, karotin ba ya shiga jiki sosai sai da maiƙo. Kabewar da aka dafa da ruwa zalla, da yawan amfaninta wucewa yake yi. Man da kika soya albasa da shi da ƙuli-ƙulin da kika barbaɗa su ne ke riƙe masa hannu su shigar da shi. In manja za ki sa a maimakon man gyaɗa, kada ki bari ya yi hayaƙi ya washe, jan nan da kike ƙonewa shi ne amfanin.

Jaririn da ya wuce wata shida ki ɗebar masa kabewar tun kafin ki haɗa ta da albasa mai attaruhu, ki dame masa sumul, ki ba shi da cokali. Gasasshen burodi ba nasa ba ne, zai iya shaƙe shi. Mai ciwon sukari kuma ya rage burodin, yanka ɗaya ko biyu, ya ci kabewar da ƙwai ko awara. Yaron da kika ga alamar dundumi a tare da shi, kada ki tsaya ga kabewa, ki kai shi asibiti.

In kabewar ta ragu, babu firji ko babu wuta, kada ta kwana ta wuni. Ki juye ta a miyar dare ta tafasa tare.

Ajiya, da wani gargaɗi na yankinmu

Kabewar da ba a yanka ba, mai hancinta, takan yi watanni in aka ajiye ta a inuwa mai iska, a kan katako ko buhu, ba a ƙasa mai danshi ba. Ki riƙa juya ta kina dubawa. Wadda ta ƙuje ita za a fara ci. Wadda aka yanka kuwa kwana biyu ne, sai dai a shanya. Ki yanka ta fale-fale, ki rataya a igiya a ƙarƙashin rumfa, iskar hunturu za ta busar da ita cikin 'yan kwanaki. Inuwa ta fi rana, domin rana mai zafi tana cinye launin, kin kuma san abin da launin yake. Busasshiyar a jiƙa ta a sa a miya da bazara, lokacin da ganye ya yi wuya.

Na ce a igiya, ban ce a ƙasa ba, kuma da dalili. Ba mu manta da 2010 ba, shekarar da aka gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, Abare, Bagega da 'Yargalma, inda yara fiye da 400 suka rasu. Dutsen zinariya ake kawowa cikin gida ana dakawa ana niƙawa, ƙurarsa ta bi ƙasa, ta bi abinci, ta bi hannun yara. An kwashe ƙasar gidaje a garuruwa da dama, na Bagega sai a 2013, likitocin MSF kuma sun yi shekaru suna jinyar yara. Amma haƙar ba ta tsaya ba. Duk gidan da ake shigo da dutse ko kayan aikin haƙa, kada a shanya kabewa ko wani abinci a ƙasa, kada a daka ƙuli-ƙuli ko yaji a turmin da ya taɓa ganin dutse, ko an wanke shi. Abincin nan da hannu ake cinsa, don haka a wanke wa yara hannu da sabulu kafin su ɗauka. Yaron da cikinsa babu komai jikinsa ya fi saurin zuƙar dalma, wannan ma wani dalili ne na cike ramin nan na yamma.

Saura 'ya'yan da kika ajiye gefe. Ki wanke su, ki cire zaren, ki shanya. Rabi ki soya a busasshen kasko da ɗan gishiri har su fara tsalle. A ɓare a ci kamar gyaɗa, ko a daka a haɗa da ƙuli-ƙulin barbaɗawa. Suna da sinadarin ƙara jini da na gina jiki. Sauran rabin, in kabewar ta yi miki daɗi kuma jan cikinta ya yi, na iri ne. Da yawa daga cikinmu gonakin nesa sun gagare mu zuwa saboda halin da ake ciki na tsaro, wasu ma 'yan'uwa sun baro ƙauyukansu suna zaune da mu a gari. Kabewa ba ta neman gona. Rami biyu a gindin danga ko bayan ɗaki, da ɗan takin awaki da ruwan wanke-wanke marar sabulu, ta kama hanya ta hau rumfa da kanta. Ki bari 'ya'yan su bushe ƙamas, ki zuba su a kwalba da ɗan toka saboda ƙwari, ki rufe, ki ajiye inda ɓera ba zai kai ba. In ruwa ya zauna, ƙwaya uku a kowane rami.

A ci daɗi lafiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.